Gida Mara Bene Don Zaman Ritaya: Yadda Aka Zaɓi Zane, Aka Gyara Shi Kafin Zuba Kankare

Ma'auratan da wannan nazari ya shafa sun shekara kusan talatin a gidan bene. Maigidan shekararsa 67, ya yi ritaya, kuma ciwon amosanin gaɓɓai ya kama masa gwiwar dama har hawa bene ya zame masa aiki. Uwargidan shekararta 63, jikinta da ƙwari, sai dai idonta ya fara rauni, musamman da dare. 'Ya'ya duk sun kama gabansu. Suna da fili mai faɗin mita 18 da tsawon mita 30, suka ƙudura gina gida mara bene wanda ba za su sake ƙaura daga cikinsa ba. Zane uku suka kawo wa mai zanen gini, irin waɗanda ake saya a shirye, kowanne da hoton fuskar gida mai ɗaukar ido.

Da aka aza ma'auni a kansu, babu ko ɗaya da mutum zai shiga da keken guragu daga bakin titi ya kai masai ba tare da an ɗaga shi ba. Cire bene matakala ɗaya kawai yake kawarwa, babbar. Ƙananan suna nan: hawa uku na ƙofar shiga, dokin ƙofar banɗaki, bakin baho, layin ƙofar turawa ta baranda. Waɗannan ne suka fi kayar da tsoho, don ba ya ɗaukar su matakala ballantana ya yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi mutuwa sanadin faɗuwa. Saboda haka aka ajiye maganar kyan fuskar gida a gefe, aka fara da tambayar ko gidan zai ci gaba da yi musu amfani ran da ɗayansu ya koma dogara sanda ko zama a keke.

Yadda aka tace zane ukun

Na farko murabba'in mita 190 ne, ɗaki huɗu da falo biyu, ɗaya daga ciki an nutsar da shi ƙasa da hawa biyu don ado. Shi maigidan ya fi so, saboda jikoki in sun zo hutu. Aka ƙirga masa tafiya daga gado zuwa kicin, mita 19 ce, sannan aka tuna masa cewa ɗakunan da za a kwana a ciki mako biyu ko uku a shekara sai an share su, an yi musu fenti, an gyara rufinsu duk tsawon shekara. Ga kuma lissafin gini: gida mara bene yana cin harsashi da rufi kusan ninki biyu na gidan bene mai girmansa, don komai a ƙasa yake shimfiɗe. Duk ɗakin da aka ƙara, an ƙara tono, an ƙara rufi.

Na biyu murabba'in mita 92 ne, ɗaki biyu. Girmansa ya yi daidai da mutum biyu, amma an matse komai, kuma bangayen ciki su ne suke ɗauke da rufi. Duk ƙofar da za a faɗaɗa, duk bangon da za a gusar, sai an sake lissafin harsashi da linta. Gyaran irin wannan zane yakan fi sabon zane wahala.

Na uku aka ɗauka: murabba'in mita 128, ɗaki uku, banɗaki biyu. Ba don ya fi kyau ba. Abu biyu ne suka cece shi. Ƙarafan rufinsa a kan bangon waje kaɗai suke zaune, don haka bangayen ciki shamaki ne kawai, ana iya gusar da su a takarda ba tare da taɓa ƙarfin gini ba. Sannan kicin da banɗakunan biyu suna jingine da juna, bututun ruwa gajeru ne. Tambayar farko da ya kamata a yi wa duk mai sayar da zane ita ce wane bango ne yake ɗauke da rufi, tun kafin a tambayi yawan ɗakuna.

Akwai gwaji mai sauƙi da aka yi a kan tebur. An buga zanen a sikelin 1:50, wato kowane santimita ɗaya a takarda santimita 50 ne a ƙasa. Keken guragu yana buƙatar da'ira mai faɗin santimita 150 kafin ya juya, don haka aka yanki kwali zagayayye mai faɗin santimita 3, aka yanki wasu daidai girman gado, kujeru da teburin da ma'auratan suke da su a zahiri, aka jera a kan zanen. Sai aka riƙa tura zagayayyen kwalin daga ɗaki zuwa ɗaki. Ya shiga falo, ya shiga ɗakin cin abinci, amma ya maƙale a banɗaki, a kicin, da ƙarshen korido. Masu sayar da zane sukan zana kayan ɗaki ƙanana fiye da na gaske don ɗakin ya yi kamar yana da sarari, shi ya sa ba a yarda da gadon da aka gani a zane.

Abu biyu aka kammala kafin a taɓa ko layi ɗaya. An nemi izinin mai zanen a rubuce, domin zanen sayarwa yawanci izinin gini ɗaya yake bayarwa, gyara shi kuma sai da amincewa. An kuma sa injiniya ya gwada ƙasar filin ya sake lissafin harsashi, tunda wanda ya yi zanen bai taɓa ganin filin ba. Bayan haka aka juya zanen dama ta koma hagu, saboda a yadda yake babban ɗakin kwana yamma yake kallo. Ranar la'asar takan gasa bango har cikin dare, jikin tsoho kuma ba ya jure zafi kamar na matashi. Juya zane yana da tarko: hanyar fitar ruwan datti, inda wuta take shigowa, da hannun da kowace ƙofa take buɗewa duk suna juyawa tare, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunan da aka yi aiki da su an ɗebo su daga wuri biyu: ƙa'idojin dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, wadda ake kira ADA, da sharuɗɗa 16 na tsarin Lifetime Homes, wato gidajen da za a iya zama a cikinsu har tsufa, da aka fitar a Ingila a farkon shekarun 1990. Ita ADA don gine-ginen jama'a aka yi ta, ba ta wajaba kan gidan mutum na kansa, amma alƙalumanta sun gwadu. Dokar gini ta wurin da ake aikin ita ce gaba da duka.

Daga titi zuwa cikin falo

Zanen ya ɗaga daɓen gida santimita 45 sama da ƙasa, da hawa uku na santimita 15. Dalilin ɗagawar mai kyau ne, ruwa da danshi. Amma in za a maye hawan da gangara, ƙa'idar ADA ba ta yarda ta wuce 1 cikin 12 ba, wato kowane santimita ɗaya na tsawo yana cin santimita 12 na tafiya. Santimita 45 zai ci mita 5.4, kuma ko wannan ma tsoho mai tura kansa a keke sai ya yi nishi. Gangarar da ake hawa ba a ji ita ce 1 cikin 20, ita kuwa mita 9 za ta ci, filin gaban gidan bai kai ba.

Awon safiyo ya nuna filin ya ɗara titi tudu, ruwa ba ya kwanciya a cikinsa. Sai aka sauko da daɓen zuwa santimita 30, aka yi ciko a gefen ƙofar shiga kaɗai, aka ja hanya mai faɗin santimita 120 daga wurin ajiye mota, tsawon mita 6, tana hawa 1 cikin 20. Mai shigowa hanya kawai yake gani. A bakin ƙofa aka bar fili shimfiɗaɗɗe santimita 150 kowane gefe, don mai keke ya tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da ya gangara baya ba.

Nan ne magini yakan yi gardama, kuma da gaskiyarsa. Idan daɓen waje ya yi daidai da na ciki, ruwan sama zai shigo falo, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce ledar hana danshi ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Maganin abu uku ne a haɗe, in an bar ɗaya sauran biyun ba sa isa: rumfa a kan ƙofar mai fitowa mita 1.5, ɗan karkata daɓen waje 1 cikin 50 zuwa waje, da siririyar magudana mai murfin raga a bakin ƙofar daga gefe zuwa gefe. An ɗaga ledar hana danshi a wannan ɓangaren bangon ta bi cikon. Dokin ƙofar kansa bai wuce milimita 13 ba, an kuma goge gefensa ya kwanta. Wurin ajiye mota aka mai da shi mita 3.6 a faɗi maimakon 2.7, don ƙofar mota ta buɗe duka.

Ƙofofi da korido

Lambar da ake rubutawa a zane faɗin ganyen ƙofa ce. Idan an buɗe ta, kaurin ganyen da matokarin firam suna cin kusan santimita 5. Ƙofar banɗaki ta santimita 70 da ke zanen, ke nan, 65 take bari, alhali keken guragu na hannu yakan kai 63 zuwa 70, ban da yatsun mai turawa. ADA tana neman sarari na santimita 81.5. Aka mai da kowace ƙofa a gidan ganye mai santimita 90, har ta sito. An kuma bar aƙalla santimita 30 na bango a gefen mariƙi, domin ƙofar da aka manna a kusurwa mai keke ba ya iya kai hannu ya ja ta. Mariƙan duka na dannawa ne, ba na murɗawa ba, saboda hannu mai amosani ko mai sabulu.

Koridon zanen santimita 95 ne, amma daga bulo zuwa bulo. Filasta ta ci 1.5 kowane gefe, sai ya koma 92. Wucewa miƙe zai yiwu, karya kwana a shiga ɗaki ne ba zai yiwu ba. An mai da shi 120, aka rubuta ɓaro-ɓaro a zanen cewa wannan awon bayan filasta ne. Jimla guda ce, amma rashinta ya sa gidaje da yawa sun rasa santimita ukun da ya raba shiga da maƙalewa.

Daga gado zuwa masai

Wannan ita ce hanya mafi haɗari a gidan tsoho: ana bin ta cikin dare, da magagin barci, cikin gaggawa, wani lokaci da jiri na tashi tsaye farat ɗaya. A zanen asali mita 9 ce, ana ratsa ɗakin tufafi, ƙofa biyu da kwana biyu. Aka rushe ɗakin tufafin a takarda, aka haɗa filinsa da banɗaki, aka fito da ƙofar banɗakin daura da gefen gadon maigidan. Tafiyar ta koma mita 4 a miƙe. Uwargidan ba ta so rasa ɗakin tufafinta ba, aka maye mata da kabad mai zurfin santimita 60 da ƙofofin turawa, tsawon bango guda.

An tura bangon baya waje da santimita 60 a tsawon mita 9, gidan ya ƙaru da murabba'in mita 5.4. Ɗakin kwana ya tashi daga mita 3.6 da 3.6 zuwa 3.6 da 4.2. Gado mai faɗin mita 1.8 ya bar mita 1.5 a gefen banɗaki, santimita 90 a ɗaya gefen, da mita ɗaya tsakanin ƙafar gado da kabad. In wata rana aka buƙaci gadon asibiti, akwai wurin da mai jinya zai tsaya ta kowane gefe. Don rage kashe kuɗin wannan ƙari aka cire tankwashe-tankwashen rufi na ado da ke fuskar gidan. Ba asara aka yi ba, don mahaɗar rufi ita ce inda yoyo yake farawa, kuma ba a so mai shekara 75 ya riƙa neman tsani.

Banɗakin ya tashi daga mita 1.6 da 2.4 zuwa 2.4 da 2.7. An cire baho gaba ɗaya. Ketare bakin baho mai tsawon kusan santimita 50 da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen daɓe shi ne abin da ake gudu. Wurin wanka ya zama ɓangaren daɓen kansa, mita 1 da 1.5, babu dakali, babu gilashi, labule kawai. Da yake daɓen ɗaya ne, filin wankan shi ne kuma filin juya keke, shi ne sararin da ake buƙata a gefen masai. Wannan ya sa banɗaki mai murabba'in mita shida da rabi yake yin aikin wanda ya fi shi girma.

Sirrin irin wannan banɗaki a ranar zuba kankare yake, tun ran gini ran zane. Dole a sauko da kankaren banɗakin santimita 5 ƙasa da na sauran gida, don a sami wurin yin karkata ba tare da tayil ɗin banɗaki ya ɗara na ɗaki ba. A wurin wanka an karkata 1 cikin 50 zuwa doguwar magudana da ke jikin bango, wato santimita 2 a mita ɗaya, sauran daɓen kuma 1 cikin 80. In karkatar ta gaza haka ruwa ya kwanta, in ta yi yawa kujerar wanka ta riƙa zamewa. Doguwar magudana ta fi ta tsakiya, domin daɓen gefe ɗaya kawai yake karkata, ba sai an yayyanka tayil ta kusurwa huɗu ba. An shafe daɓen duka da maganin hana ruwa ratsawa, aka hau da shi bango santimita 15 ko'ina, mita 2 a wurin wanka. Kafin a sa tayil aka toshe magudana, aka cika ruwa, aka bar shi awa 24 ana duba alamar da aka yi a bango.

Tayil ɗin daɓe mara sheƙi ne, ƙanana, domin yawan layin da ke tsakaninsu yana ƙara riƙe ƙafa. A kwalin tayil ana duba alamar santsi: R10 ko R11 a ma'aunin Jamus, ga wurin da ake takawa ba takalmi kuma ajin B ko sama. Shafa tayil da hannu a bushe ba gwaji ba ne. A jiƙa shi da ruwan sabulu a taka.

Tsakiyar masai santimita 45 daga bangon gefe, don hannu ya kai ga ƙarfen riƙewa. Tsawon mazauninsa ya jawo muhawara. Na yau da kullum kusan santimita 40 ne, ADA tana cewa 43 zuwa 48.5. Mai ciwon gwiwa ya fi son dogo, amma uwargidan gajeruwa ce, in ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba zaman ba ya yi mata daɗi. Aka sa 46 a babban banɗaki, 42 a ɗayan.

Ƙarafan riƙewa kuwa ba a sa su nan take ba. Maigidan ya ce ba ya son gidansa ya yi kama da asibiti, kuma ba a matsa masa ba, don abin da ake buƙata a lokacin bango ne mai ƙarfi. Ƙarfen riƙewa dole ya ɗauki nauyin kusan kilo 113, bulo mai rami kuwa ba ya riƙe kusa da irin wannan nauyin. An cika ramukan bulo da kankare a gefen masai, bayansa, da bango biyu na wurin wanka, daga santimita 30 zuwa 180 daga ƙasa. Inda bango na allon silin ne a kan firam, katakon filawud mai kaurin milimita 18 ake sawa a ciki. An ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa kafin filasta, don a san inda bututu da waya suka bi. Abin rataye tawul ma an sa mai ƙarfi, domin mai faɗuwa duk abin da hannunsa ya samu yake cafka.

Ƙofar banɗakin waje take buɗewa, kuma makullinta ana iya buɗe shi ta waje. Wanda ya faɗi a banɗaki sau da yawa jikin ƙofa yake faɗuwa, in ciki take buɗewa jikinsa ne zai tokare mai zuwa taimako. An yi tunanin ƙofar da take shigewa cikin bango, aka fasa, saboda bangon da ta shiga fanko ne, ba ya ɗaukar ƙarfen riƙewa. Hita tana ajiye ruwa a digiri 60 don kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar tsoho kuma ta fi laushi, ga jinkirin janye jiki. Aka sa bawul mai gauraya ruwa da kansa, ba ya barin shawa ta wuce digiri 41.

Kicin, haske da wuta

A kicin ba a yi zurfi ba. An cire teburin tsakiya da ya bar santimita 90 kacal, sarari ya koma 150. Ba a sauko da kantoci duka ba, kuskuren da wasu suke yi da sunan shiri: mai aiki a tsaye zai sha ciwon baya shekara goma saboda keken da wataƙila ba zai zo ba. An bar su a santimita 90, aka yi yanki ɗaya mai faɗin mita guda a tsawon 75, ƙarƙashinsa a buɗe, don aiki a zaune. Kabad na ƙasa duk suka zama durowa masu fitowa duka, tanda ta hau daidai ƙugu, maɓallan murhu suna gaba don kada hannu ya ratsa kan wuta.

Hasken da yake isa cikin idon mai shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon mai shekara 20 ba, kuma ƙyalli ya fi damunsa. Fitila ɗaya a tsakiyar silin ba ta isa, tana ma jefa inuwar mutum a kan abin da yake yi. An sa fitilu a ƙarƙashin kabad na sama, a cikin kabad na tufafi, da ƙananan fitilu masu kama kansu in sun ji motsi, santimita 30 daga ƙasa, daga gado har masai. Saboda idon uwargidan aka bambanta launi: daɓe ya fi bango duhu, firam ɗin ƙofa ya fita daban, bangon bayan masai ba fari ba ne. Soket sun hau santimita 45 daga ƙasa, makunnai sun sauko 110, duk cikin tazarar 45 zuwa 120 da dokar ginin Ingila ta tanada. Gindin tagar falo da ta ɗaki bai wuce santimita 80 daga ƙasa ba, don na zaune ya ga waje. Na'urar gargaɗin hayaƙi ta ɗakin kwana mai kaurin sauti ce, ta 520 Hz, domin siririn sauti shi kunnen tsoho yake fara rasawa.

Ɗaki na biyu an ba shi ƙofa kai tsaye zuwa ƙaramin banɗaki. Yanzu na baƙi ne. Nan gaba zai iya zama na mai jinya, ko na ɗaya daga cikin ma'auratan in rashin lafiya ta sa sun raba makwanci, maganar da ba a cika son ɗagowa a gaban masu gida ba, amma tana zuwa.

Abin da ya karkace a wurin gini

Zane mai kyau ba ya gina kansa, ma'aikata kuma hannunsu ya saba da abin da ya saba. Mai aikin famfo ya kafa bututun masai santimita 35 daga bango, yadda ya saba. An kama wannan a duban da aka yi ana gobe zuba kankare, gyaransa bai ci awa guda ba. Da an zuba, sai an fasa daɓe. Mai tayil kuma ya ɗora dutsen marmara mai tsawon santimita 3 a bakin babban banɗaki, da kyakkyawar niyyar tare ruwa, aka sa ya cire.

Wasu kurakurai biyu ba a kama su da wuri ba. A ƙaramin banɗaki an manta ba a sauko da kankaren ba, saboda an rubuta umarnin a shafin banɗakuna, shi kuwa mai zuba kankare shafin harsashi yake dubawa. Sassaƙe kankaren zai kai ga rodi, injiniya ya hana. Aka haƙura da tudu na santimita 2 mai kwantaccen gefe a bakin ƙofa. Ƙofar turawa ta gilashi mai fita baranda ita ma layinta ya tsaya santimita 3.5 sama da tayil, don an saye ta bayan an gama daɓe, ba a bar mata gurbi ba. Irin wannan ƙofa tun kafin zuba kankare ake zaɓen ta, a karɓi awon layinta daga mai sayarwa, a bar rami daidai da shi da hanyar fitar ruwa.

Gwajin gaske ya zo a shekara ta uku, da aka yi wa maigidan aikin sauya gwiwa ya koma gida yana dogara ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu. An kafa ƙarafan riƙewa uku a yini ɗaya, santimita 85 daga ƙasa, ana bin hotunan bangon, babu tayil ɗin da ya fashe, babu bututun da aka huda. Ya yi wanka a zaune a kan kujerar roba, kan shawa mai tiyo a hannunsa, ba tare da an ɗaga shi ba. Ƙofofi da korido ba su ba shi matsala ba.

Abu uku suka fito fili. Hanyar shigowa, duk da laushin gangararta, ta yi wa mai sabon ɗinki tsawo ba tare da abin riƙewa ba, aka kafa mata ƙarfe a gefe ɗaya a tsawon santimita 90. Famfon shawa an sa shi a tsakiyar bango ƙarƙashin kan shawa, don haka mai taimako sai ya jiƙe kafin ya kunna. Wurinsa na daidai kusa da bakin wurin wanka ne, kuma gusar da shi yanzu sai an fasa tayil da maganin hana ruwa, don haka aka bar shi. Layin ƙofar baranda kuwa ya riƙa kama ƙafar ƙarfen tafiya har maigidan ya daina fita can shi kaɗai. An sa masa 'yar gangarar roba ciki da waje, kowace mai tsawon santimita 42 don ta tsaya a 1 cikin 12. Ta ciki tana ɗan shiga hanyar wucewa ta falo, saboda haka aka zaɓi launin da ya bambanta da tayil, aka gusar da kujera ɗaya don kada uwargidan ta riƙa bi ta kanta da dare.